Tabon Ƙeya

"Baba, sake duba shi da kyau," in ji lauyan mai ɗaukaka ƙara. "Shi ka gani yana gudu daga shagon marigayi?"

Mai aski ya sauke numfashi. Shekara tara ke nan ana jansa daga wannan kotu zuwa waccan, har gwiwoyinsa sun haddace matakala. Maganarsa kaɗai ce ta jawo wa direban da ke tsaye a gabansa hukuncin rataya.

"Yallaɓai, bakina ya gaji. Ban ga fuska ba, ƙeya na gani, da tabo kamar lauje. Shekara arba'in ina aski, ƙeya ba ta ɓace min."

"Wa ya ce maka shi ne?"

"'Yan sanda. Da sumarsa suka nuna min shi."

Lauya ya sa fursunan ya juya baya. Askin gidan yari ne, ƙwal kwabo. Kai sumul, ko ƙwarzane babu.

Mai aski ya kau da ido daga kan fursunan. Ya waiwaya neman ƙanin marigayi, wanda ke kawo shi kotu a mota duk zama, amma bai taɓa yarda ya hau kujerar askinsa ba. Ga shi can ya nufi ƙofa, ya tuɓe hula yana share gumi. Tabon nan mai kama da lauje na kwance a ƙeyarsa.

"Shaida, muna jiranka," in ji alƙali.

Tsohon ya ɗaga yatsa ya nuna ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a tsayar min da waccan ƙeyar."