Wanda Ya Ga Tsakar Kan Jagora

Ka ce aikin ya burge ka, amma da na tambaye ka wa ya yi, ka ce ba ka duba ba. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke gindin dutse, irin dutsen nan mai santsi da ko akuya kewaye shi take yi. A ƙuruciyarsa shi ne jagoran masu hawa ɗiban zuma. Su bakwai ne, ƙafa ba takalmi, igiyar rama a kafaɗa, damin ciyawar hayaƙi ɗaure a ƙugu. Dokarsu biyu ce: ba mai wuce jagora, kuma mai hawa ba ya ɗaga kai, kada tsakuwa ta faɗa masa a ido. Abin taƙamarsa a duniya ke nan, wai a dutsen nan ba ɗan Adam da ya taɓa zama a samansa. Wata shekara sai ga wani mai ɗaukar hoto daga birni, siriri, marar yawan magana, ya ce yana so ya ɗauke su suna aiki. Suka ce bismilla. Sai dai in sun tashi hawa da hantsi ba sa ganinsa, in sun sauko da la'asar kuma su tarar da shi a gindin dutse, fuska a kumbure, tafin hannu duk a ƙuje. Su yi ta dariya har da riƙe ciki. Jagora ne ma ya raɗa masa suna Na-Ƙasa, yana cewa zuma ta san matsoraci, har ƙasa take biyo shi. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge kyamararsa. Shekara uku yana zuwa, daga baya ya aiko musu da littafin hotuna ta hannun direban motar kasuwa, ba su sake ganinsa ba.

Kwanci tashi, abokan hawa shida suka bi juna zuwa makwanci, matar jagora ma ta bi su. Aka daina hawan dutsen. In ya fara ba da labari a dandali, sai a ce masa, "Allah ya ƙara lafiya, baba," a miƙe a bar shi da sandarsa. Kaɗaici ya ishe shi, har ya zamana ba shi da abokin hira sai littafin nan, da yake naɗewa a tsohon zanen marigayiya. Kullum bayan azahar yakan buɗe shi a zaure. Ga su nan baƙi da fari, manne da dutse, jijiyoyin hannu a tashe, hayaƙi na tuƙewa, ƙauyen can ƙasa kamar an watsa gyaɗa a tabarma. Hotuna ne da in ka daɗe kana kallo sai tafin ƙafarka ya yi gumi. Amma ɗan Adam ke nan, shekara arba'in yana buɗe littafin, kansa kawai yake nema a ciki.

Ran nan yana kallon wani hoto sai idonsa ya tsaya a kan hularsa. Akwai wani faci da marigayiya ta yi mata daidai tsakar ka, wanda shi kansa ba ya gani sai ya tuɓe. Ga facin nan ɓaro-ɓaro. Ya buɗe na gaba, tsakar kansa. Na gaba ma haka. Wa ke ganin tsakar kan jagora in ba shaho ba? Ashe tun da sassafe mutumin nan yake bi ta bayan dutse shi kaɗai, ba igiya ba abokin riƙo, ya haye samansu ya maƙale da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kyamara. Hayaƙi kuwa sama yake yi, zuma ma in ta fusata sama take yi. Duk harbin da aka kore daga kansu, a fuskarsa yake sauka. Kunya ta rufe tsohon nan, sunan da ya raɗa ya tsaya masa a rai, ya ji tsoron kada ɗayansu ya mutu bai janye shi ba.

Ya sa aka karanta masa sunan garin da ke bangon littafin, ya shiga motar kasuwa. Kwana biyu yana tambaya kafin a nuna masa wani tsoho zaune shi kaɗai a ƙofar shago rufaffe, idanu sun yi fari, ba ya gani. Jagora ya yi sallama, ya ajiye sanda, ya durƙusa da guiwoyin da ba su taɓa durƙusa wa mahayin dutse ba.

"Malam, ni ne na sa maka Na-Ƙasa. Ashe kana samanmu."

Makahon ya miƙa hannu. Ya lalubo kan jagora, ya ɗora tafin hannunsa daidai tsakar ka, tafin da har yau akwai tabon dutse a jikinsa.

"Duk wanda ya buɗe littafin nan ku yake yabo," in ji shi. "Kai ne na farko da ya tambayi inda na tsaya."

Saboda haka in ka ga aiki ya yi kyau, ka nemi inda mai shi ya tsaya, kada ka jira shekara arba'in. Ko an daɗe ko an jima, yabon gwani ya zama dole.