Yaɓen Kawu

Tun daga bakin ƙofa akwatin awo ya fara ƙas-ƙas. Na ɗaga kai. Tagogi biyun da na fasa a bangon ɗakin bincike sun ɓace.

A ɗakin muke ajiye duwatsun da Nasara, wato Bature, ya kwaso daga Arewa. A Dakar aka koya mini cewa suna fitar da radon, iska marar launi marar wari, mai cin huhu a hankali. Duk inda ta taru, akwatin awo sai ya yi ƙara. Maganinta kawai a bar ta ta fice. Na tafi awon rijiyoyin Dungas da bazara, na bar wa kawuna magini mabuɗi.

Ya taho yana goge hannu a riga.

"Ka ga aiki, ɗan lakwal sarkin boko? Wa ke shiga damina da bango a huje? Na yaɓe maka shi tas, ko tururuwa ba ta samun hanya."

"Kawo diga, Kawu."

Na fasa tagogin, na wangale ƙofa, muka koma gindin itacen bedi muna jira.

"Ba wanda ya shiga dai?"

"Wa zai shiga ina raye? Yaran garin nan na Magariya ɓarayi ne. Tun tafiyarka a ciki nake ƙailula, da ƙofa a rufe. Ga sanyi kamar randa."

Na matso da akwatin kusa da gemunsa. Ya ɗauki ƙara kamar ana suyar gyaɗa.

Kawu ya yi dariya.

"Ka ji? Har ya san ni."