Kukan Keken Baba

Karo na uku ke nan Injiniya, 'yar Baba, ta kifa kekensa a tsakar gida, tayoyi sama. Sati biyu kacal da karɓo digirinta, kuma ta riga ta cika baki gaban kowa: in keken nan ya sake kuka, da hannunta za ta sauke takardar daga bangon falo.

"Sauke tun yanzu mana, mu rataya kalanda," in ji Yayanta, yana dariya har da riƙe ciki.

Daga cibiyar feda kukan ke fitowa, inda sandar ke juyawa cikin boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan. Ƙiii-ƙaƙ, ƙiii-ƙaƙ, ana jinsa daga ƙofar gida har kwanar layi. Sau biyu tana ɗaure wurin, sau biyu yana kwana ya saki.

Yau kam ta zage. Da ƙyar ma ta gano sifanarta, can a kicin bayan tukwane. Ta kwance komai, ta wanke da kananzir, ta zuba sabon boris, ta dumbuza giris, ta ɗaure tamau. Ta murza feda. Tsit!

Baba ya dinga sa mata albarka har da 'yar rawa. Tun da likita ya hana shi zaƙi ba a ga haƙoransa waje haka ba. Mama na kishingiɗawa bayan abincin rana ya sulale da keken, ya dawo yana lasar leɓe, wai iska ya sha.

Injiniya ba ta yarda ƙarfe na kwance kansa ba. Yaya ne, ba ko tantama! Da safe, Baba na shiga wanka, ta laɓe bayan durom ɗin ruwa da waya a hannu, tana danne dariya. Yau za ta kama ɓarawon digiri.

Takun silifa. Aka durƙusa gaban keken, aka sa sifana daidai wurin ba lalube, aka sassauta kaɗan. Feda ta juya: ƙiii-ƙaƙ.

Ta yi tsalle ta fito. "Na kama…"

Mama ta goge giris a gefen zani, ko a jikinta.

"Aikinki ya yi kyau, 'yar nan, ni ma a shagon gyaran keke na tashi. Amma in kin kashe mini kukan nan, da me zan san ubanki ya nufi shagon alewa?"