Rijiyar Man da Ta Yi Kuka

Goggo, yau dai an gano abin da ke kuka a rijiyar man nan ta bayan gari! Zauna ki ji, wallahi tsigar jikinki sai ta tashi.

Akwai wani mai awon ruwa a wurin. Kin san ruwa ake ɗura wa ƙasa don ya turo mai sama, to aikinsa ke nan kullum safiya: ya ɗebi ruwan a kwalba, ya ɗiga magani, ya ga ko akwai gishirin da zai daskare a bututu. Da rani ya tsananta tafkin da ake ɗiba ya ƙafe, sai direbobin tanka suka koma wani tafki can inda mata ke kankarar kanwa, ba su gaya wa kowa ba. Ruwa garau kamar hawaye. Ran nan ya fantsar masa a leɓe, ya ji wani tsami-tsami da bauri. Maganin awo kuwa ya ƙare, karɓo wani sai an je birni. Ya goge baki da hannun riga, ya ce ai ruwa ruwa ne.

Ba a jima ba rijiya ta fara kuka. Da rana tsaka fa, Goggo! Siririyar murya kamar ta jinjiri, daga baya ta koma kakari irin na ragon da aka yanka. Ma'aikata suka ce ai a kan kufai aka haƙa ta, mutanen ɓoye ne. Mai awon ruwan ya fi kowa yarda, don hakan ya fi masa sauƙi, har waina ya raba sadaka. Mai ya yi ta raguwa, sai wata rana tsit. Shirun nan ya fi kukan ban tsoro.

Yau aka zaro bututun aka yanka. Cikinsa farin dutse, zobe kan zobe, kamar ƙashi ya tsiro, ramin da ya rage ko tsinke ba ya shiga. Ashe shaƙewa take yi tun tuni. Kowa ya yi ajiyar zuciya tunda ba aljani ba ne, mai awon ruwan kaɗai ke tsaye gumi na zuba, ya san abincinsa ya ƙare a wurin.

Don Allah kada ki faɗa wa kowa tukuna, ko matarsa ba ta ji ba. Amma gaskiyar Hausawa, ruwa ba ya tsami banza.