Ƙashin da Ejikeme Ya Tono

Da ƙyar aka sauko da tsohuwa Nwakaego cikin kwazazzabon, jikarta Somadina na riƙe da hannunta. Ƙasan duk ɗoyi ne: ledoji, ruɓaɓɓen ɓawon rogo, ga mushen akuya ƙudaje sun lulluɓe shi.

Ejikeme, ɗan tsohuwar, malamin makarantar Lahadi, shi ya shirya wannan fita. Tun da 'yarsa Somadina ta dawo daga jami'a tana cewa duwatsu sun yi shekaru miliyoyi, ta kuma daina zuwa coci, abinci ya daina yi masa daɗi. Ya ƙudura a ransa yau zai dawo da ita hanya. Bai bi da su ta sama ba, inda ruwa ya cinye tsohon gidansu damina uku da suka wuce. Can ƙasa ya zaɓa, wai gangaren ya fi sauƙi.

Ya buɗe Littafin Farawa, ya nuna wa 'yarsa jan bangon kwazazzabon mai hawa-hawa.

"Kin gani, Madam Farfesa? Ramin nan a idonki ya haƙu, ko shekara goma bai yi ba. To ruwan Tsufana fa, na kwana arba'in?"

"Papa, yashi daban, dutse daban. Ni dai warin nan zai sa ni amai."

Yana matsawa ya ƙara bayani, ƙafarsa ta yi tuntuɓe da wani abu cikin laka. Ya tona da sandarsa, ya zaro dogon ƙashi mai launin ƙasa. Na mutum ne, na cinya. Nan take fuskarsa ta washe.

"Ga shaida Ubangiji ya kawo mana! Ɗaya daga cikin masu yi wa Nuhu dariya ke nan. Dubi ƙarshen mai zunubi, tsakanin juji da mushe." Ya tofa wa ƙashin yawu, ya miƙa wa 'yarsa. "Riƙe, ki ji da hannunki."

Somadina ta ja da baya. Ba ƙashin ne ya ba ta ƙyama ba, yawun ne.

Tsohuwar ce ta karɓa. Ta share yawun da bakin zaninta, ta bi lakar tana gogewa a hankali, har wani siririn ƙarfe ya bayyana a tsakiyar ƙashin, ɗaure da ƙusoshi huɗu. Ta daɗe tana shafa shi da yatsa, ba ta ko kori ƙudan da ya sauka a goshinta ba.

"Wata biyar na yi ina jinyar ƙafar nan, bayan mijina ya faɗo daga bishiyar kwakwar manja, likita ya sa masa ƙarfen nan," in ji ta. "Ejikeme, ai ka rantse mini cewa ka kwashe ƙasusuwan mahaifinka zuwa sabon kabari kafin ruwa ya ci gidan. To kabarin wa nake sharewa kowace Asabar?"