Gidan Sanata

Leburan da Malam Lado ya tambaya hanya bai ce uffan ba. Ya sauke kwanon siminti, ya rusuna, ya nuna wani dogon bene da hannu. Fuskarsa naɗe take da tsumma saboda ƙura. Lado ya ɗauka bebe ne, ya sa masa albarka ya wuce.

Daga Karare ya taso, kuma ba yawon buɗe ido ya kawo shi jami'a ba. Gero ya nuna a gona, 'yan bindiga sun ce duk wanda ya kai masa lauje ya gama yawo. In damina ta tafi a haka, yunwa ce za ta ƙarasa abin da suka rage. Dattawa suka ce wa ke da kunnen manya in ba Lado ba? Suka turo shi ya kai wa Sanata kukansu.

Ai kuwa shi ya ja wa kansa. Tun da ɗansa Nu'uman ya gama digiri ya ce ya samu aiki a ginin Sanet, Lado ya hana majalisar hira sakat. Ɗansa yana tare da Sanata! Yaron da bakinsa ya ce a hawan ƙarshe yake, babu wanda ke samansa. Shanun huɗa biyu da karatun ya cinye sun biya. Ko da yaron ya zo Sallah a rame, hannu a aljihu, Lado cewa ya yi zama da manya sai da haƙuri.

A ƙofar benen, maigadi Muntaka ya saurare shi har ƙarshe.

“Baba, babu Sanata a nan. Sunan ginin ne kawai. Tun da aka kafa makarantar, nan shugabanni ke zama su sa wa digiri hannu. Yanzu ma ƙarin hawa ake masa.”

Lado ya ɗaga kai ya dubi benen. Ya tuna jama'ar da suka rako shi bakin hanya, kunya ta kama shi.

“To, a kira mani ɗana. Nu'uman, na Karare. A can sama yake aiki.”

Muntaka ya dubi inda kwanon simintin ke yashe, ba mai shi. Ya sunkuyar da kai.

“Baba, ai shi ya nuna maka hanya.”