Sunan 'Yar Fari

Tun da injuna suka iya zane, baje kolin shekara na Zariya ba ya karɓar aikin kowa sai uwarsa ta faɗi sunansa gaban na'urar ƙofa, shaidar haifaffe ne, ba inji ba.

Saura minti biyar a rufe, Hansatu na ta kai da kawowa, rungume da zanenta.

"Inna, don Allah faɗi mana!"

Inna ta ja mayafi. Shekara talatin bakinta bai taɓa kama sunan 'yar farinta ba.

"Yarinyar nan ce ta zana."

"Suna," in ji na'urar.

A layin gefe wata mata ta rangaɗa sunan ɗan farinta, ƙofa ta buɗe nan take.

Inna ta bi ta da kallo.

"Wannan ba ita ta haife shi ba."